Manomin Soron Ɗinki

Duk unguwar Soron Ɗinki babu wanda bai san Malam Jibrin mai ɗinkin hula ba, ko don bakinsa. Shekara arba'in yana zaune a dakalin ƙofar gidansu, hula a gwiwa, allura a hannu, kuma a tsawon shekarun nan abu mafi nauyi da ya taɓa ɗagawa shi ne kofin shayi. Tafin hannunsa kuwa, in kuka gaisa sai ka rantse tuwon shinkafa ka taɓa. Amma fa in aka ɗauko zancen noma, to kowa ya ja bakinsa. Ya san ranar shuka, ya san takin da dawa take so, ya san abin da ke sa akuya tari. Duk a rediyo ya ji. A aikace ko albasa bai taɓa dasawa a gwangwani ba.

Karatunsa kullum ɗaya ne, wai birni ya lalace. Kwata ta ci lungu, gida ɗaya mutum hamsin, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai share fuska. "Mutumin ƙauye shi ne ɗan gata," in ji shi. "Ga rumbu, ga dabba, ga iska kyauta. Mu nan zaman kurkuku muke, an dai ba mu makulli."

Musa mai turare, wanda dakalinsu ɗaya tun suna samari, shi ke amsa masa. "Allah ya kai ka, Malam."

Addu'ar shaƙiyanci ce, sai ta faɗa a bakin 'yan amin. Kawunsa ya rasu a Unguwar Ɗinya, can bayan Gezawa, aka zo rabon gado, sai ga kason mahaifiyar Malam Jibrin da aka daɗe ba a fitar ba: ɗakin ƙasa biyu, rumbu ɗaya da 'yar dawar bana a ciki, awaki biyu, da gona. Gonar nan in akuya ta kwanta a tsakiyarta, jelarta tana gonar maƙwabci. Shi dai Malam tun daga ranar bai sake kiranta da komai ba sai gandu.

Ya sanar a majalisa cewa ya bar birni har abada. Ya sanar a masallaci. An ce har mai kosan bakin titi sai da ya tsaya ya yi wa sallama, ita da ba ta san sunansa ba.

Ƙaninsa Alhaji Yusuf, da suke uba ɗaya, mutum ne mai sanyin magana, kuma dama yana neman inda zai sa ɗansa Bashir da zai yi aure. Gidan gado ne, ya cika maƙil, sashen Malam kawai zai zama fili. Ya same shi ya ce, "Yaya, ba zan yi maka gaggawa ba. An sa bikin Bashir satin farko na Sha'aban. Zan rufe sashenka har lokacin. In ka dawo kafin dangin amarya su yi jere, ɗakinka ne, Bashir ya nemi haya. In an yi jere kuwa, ka sani, babu mai fitar da gadon amarya."

"Ka ba shi tun yau," in ji Malam. "Ni da ɗakin nan sai dai ziyara."

"A'a, a dai bari sanyi ya wuce."

Matarsa Luba ta bari suka gama. Da suka shiga ciki ta ce, "Malam, kai da ko ruwan alwala sai na ɗumama maka, a lokacin ɗarin nan za ka kai mu daji?"

"Ba daji ba ne, gandu ne."

"To. Allah ya sa gandun yana da bargo."

Suka tare a ƙarshen kaka. Abin da Malam ya fara cin karo da shi a ɗakin kawun nasa wani dandamali ne na ƙasa, da rami a ƙarƙashi. Ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya kamar injiniya, ya ce akurkin kaji ne, kuma shi ba zai kwana ɗaki ɗaya da kaji ba. Maƙwabcinsa Baba Sabo, wani tsoho da ya haura saba'in, yana tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, ai gado ne. Garwashi ake zubawa a ramin, ya ɗumama bayan mutum har gari ya waye."

"Baba, mutum ne ko gurasa? Mu katifa muka sani."

Aka rushe gadon. Aka yaye rufin ciyawa aka buga kwano, aka shimfiɗa tayil fari tas irin na banɗakin otal. Mutumin da ya gudo daga birni, sai ga shi ya ɗauko birnin a ka ya taho da shi. Baba Sabo ya leƙa, ya ce ma sha Allahu, ya tafi.

Duk wannan wasa ne. Babban aikin sai Asabar ɗin ƙarshen wata. Ka san a birni ranar ce ta shara, kowa ya kwashe bolarsa ya banka mata wuta. Malam ya tashi da safe ya dubi gidansa, ya ga karan dawa tuli guda a jingine a bayan ɗaki, ya fi ɗakin tsawo. Ya ga tsohon darni, shingen karan da ya kewaye gidan, ya karkace. Ya girgiza kai don tausayin jahilcin mutanen ƙauye, mutum ya yi girbi ya bar shara a ƙofar ɗakinsa. Ya tuge darnin, ya haɗa da tulin karan, ya ƙyasta ashana.

Wai har daga Gezawa an hango hayaƙin. Garin ya fito kaf, maza da bokiti, mata da ƙwarya, ana salati, an ɗauka gobara ce. Suka tarar da Malam Jibrin tsaye a gefe, ya gyara zaman hula, yana jiran a yaba.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Tsafta ce. Wata mai zuwa sai ku yi naku."

Baba Sabo ya ajiye bokitinsa a hankali.

"Malam, da me uwargida za ta yi girki?"

"Itace."

"Ka ga bishiyar da ba ta da mai ita a garin nan? Karan nan da shi ake girki har damina. Da shi ake jin ɗumi. Da shi ake sabon darni ya tare iska. Ganyensa awakinka ke ci. Kawunka wata guda ya yi yana tara shi, da ciwon da ya kashe shi a jikinsa."

Rediyo dai ba ta taɓa kawo wannan darasin ba.

Kwana huɗu tsakani ɗari ya sauko, irin wanda tsofaffi ke cewa rabonsu da shi tun suna yara, ko da yake duk shekara haka suke cewa. Gida babu shinge, iska ta shigo ta gabas ta fita ta yamma, ba sallama. Kwanon ya riƙa tara raɓa yana ɗiga musu a ka. Tayil ɗin kuwa, in ka taka da safe sai ka ji sanyin a haƙori. Malam ya sa riga uku, ya ɗora babbar riga, ya naɗa zanin Luba a wuya, ya sa safa a hannu. In ya taho masallaci sai ka ce ƙunshin wanki ne ya yi ƙafa. Allura ta gagare shi riƙewa. Alwala kuwa, liman sai da ya ja shi gefe ya tuna masa cewa taimama tana da sharuɗɗa.

Luba, 'yar birni, 'yar unguwar Zaitawa gaba da baya, wadda ko gawayi sai an kawo mata har ƙofar ɗaki, ita ce ta koma bin gidaje tana roƙon kara. Matan garin suna ba ta, ba su hana ba, amma sai sun tambaya, "Yaya Malam mai tsafta?" Awakin nan biyu suka ci igiyar shanya, suka ci rabin wata hula da ya yi wata biyu yana ɗinka, sannan suka yi shawara suka koma gidan Baba Sabo da zama. An kora su sun dawo, an kora sun dawo, aka ƙyale su.

Amma in Musa mai turare ya kira waya ya sa a sifika don majalisa ta ji, sai Malam ya cije haƙoransa don kar a ji suna kaɗawa.

"Lafiya lau, Musa. Nan ai Aljannar duniya ce. Yanzu ma nono na sha, mai ɗumi, daga saniya."

"Saniyar wa, Malam?"

"Sabis ba kyau, sai anjima."

Saura sati guda biki Luba ta ce za ta je taya aiki, kwana uku ta dawo. Kayan kwana ukun nan har da tukwanenta duka, da turmi, da katifa ɗaya. Tana jiran mota a bakin hanya ta ce, "Malam, ranar Alhamis za a yi jere."

"Na sani."

"Ka kira Alhaji. Kalma ɗaya ce, ka ce ka dawo. A ɗakin nan na birni aka haife ka, a ciki na haifi 'ya'yana biyar. Za ka bar shi don kar Musa ya yi dariya? Musan da ko haƙoran dariyar ba shi da su?"

"Namiji ba ya magana biyu."

"To namiji ya dafa wa kansa tuwo."

Ya yi kwana biyar shi kaɗai. Da safe ya raɓa wajen wutar da dattawa ke hurawa a ƙofar masallaci, su matsa masa, kowa ya jefa karansa a wuta, shi ya jefa hannu. Abinci daga gidan Baba Sabo. Ran Laraba Baba Sabo ya kawo masa koko da kansa ya zauna.

"Malam, ba korarka nake ba. Amma sanyin nan da sauransa, kuma tarin da kake yi ba na so. Ka bar min gonar in noma, in an girbe mu raba. Kowa da inda Allah ya ajiye shi. Ni ma in ka ba ni allura, ido zan tsokane."

Alhamis ana idar da asuba Malam ya hau motar farko. Ya yi ta tsara maganarsa a hanya: likita ne ya hana shi zama, Luba ce ta matsa, gandun yana buƙatar hutu. Da hantsi ɗan adaidaita ya sauke shi a bakin lungunsu, da bargo a kafaɗa da rediyo a hammata.

Allah ya so shi, bai makara ba. Motar kayan amarya tana tsaye a bakin lungun, don lungun ko amalanke da dabara yake shiga. Ba a sauke ko filo ba. Dangin amarya, mata sun kai ashirin, sun ci ado suna jiran 'yan dako. Makullin sashen yana hannun Alhaji Yusuf. Luba tana leƙe ta zaure. Ga kuma majalisa a dakali, cike, har da waɗanda rabonsu da zama tun sallar bara.

Musa mai turare ya miƙe ya dunƙule hannu ya jinjina. "Sarkin Noma da kansa. Ranka ya daɗe, ina buhunan? Ko tirela na baya?"

Aka yi dariya. Alhaji Yusuf bai yi ba. Ya ɗaga wa 'yan dako hannu su dakata, ya matso ya gaishe da yayansa, ya ga yadda ya rame, ya ga leɓen ya tsage. Ya tambaya a hankali, amma lungun ya yi tsit har kowa ya ji.

"Yaya, dawowa ka yi, ko biki ka zo?"

Malam ya dubi makullin. Ya dubi Luba, ta gyaɗa masa kai har ɗankwalinta ya zame. Ya dubi Musa, wanda ya riga ya buɗe bakin nan nasa mara haƙora yana jira.

Ya gyara bargon kamar alkyabba.

"Biki na zo. Asabar zan koma, aiki ya yi min yawa."

Alhaji Yusuf ya tsaya jim, ko Malam zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Aka miƙa wa uwar jere makulli, wata ta rangaɗa guɗa, 'yan dako suka kinkimo gado. Sai da Malam ya manne da bango kafin gadon ya wuce, kuma har da bakinsa wajen cewa a kula da ƙofa, tana da ɗan tudu. Luba ta shige ciki, ta fito da mayafinta, ta wuce shi ba ta kalle shi ba, ta tafi gidan babbar 'yarta a Zaitawa. Tana can har yau, ta yi ƙiba.

An yi biki an watse. An yi azumi, an yi sallah ƙarama, an yi babba. Amarya ta haihu, an yi suna, Malam ne ma ya yi wa jaririn huɗuba. Yana nan a zauren gidan, tsakanin babur ɗin Bashir da buhunan gawayi, da tabarmarsa da 'yar jakarsa a ɗaure, don shi baƙo ne. In almuru ta yi Bashir ya shigo da babur sai ya ce, "Baba, a ɗan janye ƙafa," ya janye.

Bana Baba Sabo ya aiko masa da rabonsa na dawa, rabin buhu. Malam ya hana a kai ciki. Ya sa aka jingine shi a dakali kwana uku, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi, ya kwance bakin buhun, ya ɗebo ya nuna masa ƙwayar, ya yi masa bayanin irin takin da ya sa.