Yaya Hadi da ledar kwanon rufi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Hadi, wanda ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana tura kwanon rufi daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a Dubai zuwa gida. Allah Ya jiƙansa. Wasu sun yi masa shaidar sallah da kyauta. Ni shaidar taurin kai zan yi masa, don ita ake neman binnewa.

Mu Kanawa mutane ne masu girmama leda. Mu sayi kujera, mu zauna a kan ledarta har 'ya'ya su yi aure. Da wannan tarbiyya muka sauka Dubai, muna naɗe bandir ɗin kwano ruf, wai gata muke yi masa. Yaya ma haka ya fara, har ranar da ya buɗe kayansa bayan zafin nan mai toshe numfashi, ya tarar da fari kwance a kansu kamar an barbaɗa alli. Ya bi ba'asi har ya gano. Iskar bakin teku da gishiri take yawo, raɓa ta shige tsakanin falle da falle, leda ta hana ta fita. Tutiyar da aka shafe ƙarfen da ita don ta kare shi sai ta dinga cinyewa a ɓoye. Ranar da ta ƙare, jar tsatsa ta karɓi aiki.

Daga nan ya yaye ledar, ya jingine kayansa a tsaye, da katako a tsakani, iska na ratsawa. 'Yan kasuwar Naif ta can Dubai suka sa masa suna Mai Shanyar Kwano. Ya ce su yi ta dariya, shi dai ba zai sayar wa mutum rufin da zai sa shi jera bokitai a ɗaka ba.

Yanzu sito yana hannun babban ɗansa, Nura. Watan jiya na leƙa, na tarar leda ta dawo mulki. Ana goge farin da mai, a buga hatimin marigayi, a cika kwantena zuwa Legas da Kwatano, inda wani gishirin ke jira. Na yi magana.

"Baffa, halas, a bar zancen," in ji Nura, "mai saye ƙyalli yake so."

Na ce ƙyallin nasa ne, ya sayar yadda ya ga dama, amma sunan na yayana ne. Da Yaya zai leƙo yau, ba na jin zai tsaya wa'azi. Wa'azi ai sai mu tsofaffin malaman makaranta. Shi hannun riga zai naɗe.

Dangi sun aiko in yi shiru saboda zumunci. Na ji, ban ɗauka ba. Sito gini ne, wani zai gaje shi. Abin da ya saura na Hadi shi ne ɗakunan da ruwan Agusta ke dukan rufinsu, mutanen ciki suna hira, ba wanda ya ɗaga kai. Saboda haka Nura ya zaɓa: ko ya cire ledar, ko ya cire sunan. Kafin ya zaɓa, duk wanda ya tambaye ni zan ce wannan ba kwanon Hadi ba ne, ko da a wajen ɗaurin auren ƙanwarsa aka yi mini tambayar.