Kofin Baba da Furen Inna

A layin teloli Almakashi ake ce mata, kuma ba don sana'a kaɗai ba: bakinta ya fi na hannunta kaifi. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ta bar makaranta ta hau keken ɗinki don ƙaninta ya yi karatu, kuma har gobe ba ta bari ya manta.

Abin da Innarsu ta bari da ta rasu bai taka kara ya karya ba: tukwane, 'yan zannuwa, sai wani fure a tukunyar ƙasa bakin tagar Baba. Jeraniyom ake kiransa, in ka murza ganyensa ƙamshi ya kama yatsunka. A hannun Inna ba ya rabo da jan fure.

Ranar da Almakashi ta zo duba Baba, ta tarar ganyen ya yi rawaya ya langaɓe, gindin ya yi baƙi. Ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Gida cike da mutane, a ce furen Inna na mutuwa da ƙishi! Wallahi kun ji kunya."

"Haba Yaya," in ji ƙanin nata, wanda yanzu direba ne, "kullum kafin in fita sai na zuba masa."

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Ni ma ina zubawa, Yaya, safe da yamma."

Almakashi ta cusa yatsa cikin ƙasar, yadda Inna ke yi. Caɓi ne tsamo-tsamo, har wari yake. Nan ranta ya ƙara ɓaci, don da sakaci ne, da ta san faɗan da ya dace. Wannan kuwa kowa ya ɗauka shi kaɗai ya damu, yana zubawa yana ganin laifin ɗan'uwansa.

"Shinkafa kuka shuka? Shekara da shekaru kuna kallon Inna, ba wanda ya lura sai ƙasa ta bushe take ba shi ruwa?"

Ta juye tukunyar a tsakar gida. Rabin saiwoyin sun ruɓe. Ta zaro almakashinta ta wanke, ta datse ruɓaɓɓun, ta buɗe hudar gindin tukunyar da ta toshe, ta mayar da furen cikin sabuwar ƙasa mai yashi. Sannan ta yanko rassan da ke da sauran lafiya, daidai ƙasan gaɓa, ta tsige ganyen ƙasa, ta shanya su a inuwa har bakin yankan ya bushe, ta dasa a gwangwanayen madara da ta huda. Ta kafa doka: duk wanda ya kusanto da buta, shi da ita. Baba na zaune a kujerarsa yana kallo.

Na gwangwani suka kama. Amma uwar tukunyar, duk yammar da Almakashi ta biyo daga shago, sai ta tarar da ƙasarta a jiƙe. Ta titsiye ƙaninta, ya rantse har da dafa kai. Ta titsiye matarsa, baiwar Allah har da kuka. Sai ta yi musu sammako, don ta kama mai laifi hannu dumu-dumu.

Baba ta tarar tsaye bakin taga, yana tsiyaya ruwa daga kofin silba.

"Baba! Ashe kai ne? Ka zuba ido ina cin mutuncin mutane! So kake ka ƙarasa shi?"

Tsohon bai juyo ba. "Tun da aka kawo Innarku gidan nan, kowace safiya ni nake miƙa mata ruwa kafin ta sauko daga gado. Yanzu ina ɗebowa, sai na iso ɗaki in tuna. To wa zan ba?"

Almakashi ta dubi kofin da ke hannunsa. Haushin yana nan, sai dai ya rasa kan wanda zai sauka. Ta karɓe kofin da ƙarfi, ta shanye sauran ruwan a tsaye.

"Gobe ka ajiye min. Kuma a ɗauraye kofin nan da kyau, sabulu nake ji."

Tun daga ranar shagonta ne na ƙarshen buɗewa a layin teloli. Furen ya yi sabon toho, kuma kowace safiya ana jiyo muryarta tun daga titi, tana yi wa Baba faɗan ya cika kofin da yawa.