Ƙwallon da na shafa wa man kaɗe

Da na riƙe hannun rigarsa ban saki ba, da yau yana zaune kusa da ni? Na san rai na Allah ne, malamai sun faɗa mini, 'ya'yana ma sun faɗa. Amma tambayar ta ƙi barina. 'Yata ce take rubuta wannan, don ni ban yi boko ba. Na ce mata idan ta ga na fara kuka ta ajiye biro ta jira ni.

Maigidana ya yi karatu a Amurka tun kafin a yi mana aure. A can ne wani mai koyar da wasa ya ga gudunsa, ya saka shi cikin ƙwallon ƙasarsu. Ba irin tamu ta ƙafa ba ce, wannan da hannu ake ɗaukarta, ita kanta ƙwallon doguwa ce kamar gwanda. Aikin Alhaji shi ne ya tsaya a baya, a miƙa masa ƙwallo, ya rungume ta, ya kutsa tsakanin ƙarti har ya tsallake wani farin layi. Shekara uku yana wannan. Ya dawo gida da takardar shaida, da gwiwa mai ciwo duk damina, da ƙwallo guda ta fata wadda mai koyar da su ya ba shi.

Ni ban taɓa ganin wasan ba, amma na ga abin da ya bar masa. Komai Alhaji ya ɗauka, haka yake riƙe shi: yatsu a kan bakin abin, damtse ya danne, ya manna da haƙarƙari. Kankana haka, tulun shayi haka. Burodi kuwa ba ya isowa gida da siffarsa. In na yi magana sai ya ce, "Hajiya, abin da aka ba ka amana ba a riƙe shi da sako-sako."

Sai da muka shekara goma da aure ya gaya mini dalili. A wasansa na ƙarshe, saura taki ɗaya ya tsallake layi, wani ya biyo shi ta baya ya doke ƙwallon daga hannunsa. Aka cinye su. Bai ƙara sa kayan wasa ba. Ya ce mini, "Taki ɗaya, Hajiya. Ina ganin layin kamar yadda nake ganinki." Mutumin da ya yi asarar kaya a teku bai girgiza ba, amma in ya tuna takin nan ɗaya sai ya ture kwanon tuwo.

Babban ɗanmu yana aikin tura kaya a unguwar Xiaobei da ke birnin Guangzhou na ƙasar Sin, shi ya ɗauko mu zuwa can, muka zauna da iyalinsa a unguwar Panyu. Shekarar da ƙasar ta karɓi wasannin Olamfik kasuwa ta yi sanyi, baƙi suka ragu, garin kuma ya haukace da wasanni. Tsofaffi a lambu suna miƙa ƙafa, talabijin ba ta da zance sai gudu da tsalle. Wata Asabar Alhaji ya tafi unguwar Tianhe sayen waya, ya dawo ba waya, yana haki, hula a karkace.

"Hajiya! Suna yi! Wallahi suna yi a nan!"

"Suna yin me?"

"Ƙwallona! Ɗaliban jami'a, da wani malaminsu Ba'amurke. Ba su iya komai ba, riƙon ƙwallo kamar mai ɗauke da miya!"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar sunan ɗanmu na fari. Daga nan duk Asabar yana jirgin ƙasa zuwa filin. Nasu wasan ba a kayar da mutum, ƙyalle ake ratayawa a ƙugu, wanda aka fizge nasa ya tsaya. Ɗaliban suna kiransa lawban, wato maigida. Bai tsaya nan ba, ya bi shaguna a Xiaobei ya tattaro 'yan kasuwarmu da zaman banza ya ishe su, har da amininsa, wani Alhaji mutumin Maraɗi mai sayen atamfa, mai tumbi. Aka sa rana: 'yan kasuwa da ɗalibai. Malamin ɗaliban ya roƙi a yi wasan da ƙwallon maigidana, don tasu ta roba ce.

Likita ya riga ya ce Alhaji yana da hawan jini, kada ya yi gudu. Ya yi mini alkawari bakin fili zai tsaya, koyarwa kawai.

Ana jibi wasa na ciro ƙwallon daga akwati. Damshin garin nan ba ya barin komai, na tarar da fumfuna ta yi mata fari-fari, fatar ta fara tsagewa wajen ɗinki. Ni kuwa 'yar dukawa ce, a gaban ubana na tashi yana gyaran fata. Ba zan bari a fitar da kayan mijina gaban baƙi a haka ba. Na goge ta tas, na ɗebo man kaɗen da na zo da shi daga Kano, na shafe ta, na bari ta sha, na ƙara. Ta yi sheƙi kamar sabon takalmi. Na naɗe ta a zani na mayar jaka, ina jin daɗin kaina, ban gaya wa kowa ba.

Ranar wasa da hantsi muka isa, rana ta buɗe, zafi kamar a bakin murhu. Na zauna a benci da surukata ƙarƙashin lema. Aka busa usur. Ɗana ya miƙa wa Alhajin Maraɗi ƙwallo, ta sulluɓe ta ƙarƙashin hammatarsa kamar tarwaɗa. Wani ɗalibi ya dira a kanta, ta fice ta tsakanin ƙafafunsa. Mutum uku suka bi ta, kowa ya taɓa, ba wanda ya riƙe.

Maigidana ya daka tsawa daga gefe, "Kai Alhaji, tumbin nan duk bai isa ya tare ta ba?"

"Kai dai Bakano, ƙwallonka aljanu gare ta! Ka zo ka riƙe mu gani!"

Fili ya ɗauki dariya. Malamin ya kawo tawul ya goge, a banza, rana tana narkar da man yana fitowa daga cikin fata. Sai iska ta kawo mini ƙamshin. Surukata ta dube ni, ta dubi ƙwallon, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ce, "Ke, in kika yi magana ban yafe ba."

Haka aka yi ta yi, ana faɗuwa ana tashi, 'yan kasuwa suna ihu da Hausa, ɗalibai da nasu yaren, masu wucewa suka taru a bakin shingen waya. Ɗaliban suka samu suka tsallake layi sau ɗaya, da ƙwallon a cikin riga. Namu ba ko ɗaya. Lokaci ya kusa ƙarewa, namu suna da kamar taki goma sha biyar zuwa layi, dama ɗaya ta rage.

Sai na ga Alhaji ya nufo ni. Ya cire hula ya ɗora mini a cinya, ya tuɓe babbar riga, ya karɓi ƙyalle ya ɗaura a ƙugu. Na kama hannun 'yar cikinsa.

"Alhaji, likita fa. Ka yi mini alkawari."

"Na yi. Sakar mini, Hajiya."

Ya dube ni, ba da faɗa ba. Mutumin da ya haura sittin, gemu fari, amma idanun na saurayin da ban taɓa sani ba ne. Na saki.

Ya tsaya bayan ɗansa, ya ɗan rusuna, hannu a gwiwa. Aka miƙa masa. Na ga yatsun nan sun rufe bakin ƙwallon, damtse ya danne, irin riƙon da ya lalatar mini da burodi shekara talatin. Ya yi kamar zai bi dama, ɗalibai biyu suka zube can, sai ya karya hagu. Wayyo, ashe haka yake! Ashe haka yake gudu! Ƙafar nan mai ciwo ta manta da ciwonta. Wani dogo ya miƙa hannu zai fizgi ƙyalle, Alhaji ya juya ƙugu, hannun ya kama iska. Alhajin Maraɗi ya tare wani da tumbinsa yana ihu, "Wuce, Bakano, wuce!" Saura taki uku wani ya biyo shi ta baya, a garin neman ƙyalle hannunsa ya daki ƙwallon. Na ji ƙarar har benci. Na miƙe tsaye, hular ta faɗi ƙasa.

Ba ta motsa ba. Ya tsallake layin da ita manne a ƙirji.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a tsakiyar ƙasar Sin, ni da ko a bikin 'yata ban yi ba. Ɗaliban da aka ci su ne suka fara rungume shi. Ya zauna a ciyawa yana haki yana dariya, gaban rigarsa duk mai, ya ƙi ba kowa ƙwallon. A jirgin komawa ma tana hammatarsa. Bai ce mini komai game da man ba, ni ma ban ce ba.

Kwana tara ya yi yana ba da labarin gudun nan ga duk wanda ya shigo gidan, kullum takin yana ƙaruwa. A na goma, bayan azahar, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Muka kai shi asibiti. Washegari da la'asar aka bar ni na shiga wurinsa ni kaɗai. Na zauna, na riƙe hannunsa, na ce zan faɗa masa wani abu da na ɓoye. Ya girgiza kai, ya ɗan yi murmushi, ya matse yatsuna da irin riƙon nan nasa.

"Tun a jaka na ji ƙamshin, Hajiya. Duk man kaɗenki, kin gani da idonki, ban yar ba."