Mma Shamsiya da kifin da muka mayar kogi

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mma Shamsiya Abdul-Samad a wani asibiti da ke garin Clinton na jihar Maryland, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Ɗiyarta Hasna ce ta kira ni. Ina tsaye a kicin na yi salati, sannan na zauna a ƙasa. Washegari aka yi mata sutura. Tun ranar nake son rubuta wannan, in na ɗauki waya sai in ajiye. Na gaji, Mma, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ga wanda bai san ta ba, 'yar Zangon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a Maryland tana kula da tsofaffi a gidajensu. Ni kuma daga Kano aka kawo ni Bowie ina amarya, na tare a gidan da ke kallon nata. Mijina Khalil likita ne mai neman ƙwarewa. Yana fita kafin in farka, in ya dawo wani lokacin da takalmi a ƙafa barci ke ɗaukarsa. Ban iya tuƙi ba, a unguwar da ko burodi sai da mota. Littattafan da ke cikin wayata su ne abokan hirata, kuma a cikinsu miji yakan lura ko turare matarsa ta canza. Nawa mijin bai lura na rage magana ba. Na gaya wa Ummata zan zo ganin gida a Disamba, amma a raina na san in na tafi ba zan dawo ba. Ke kaɗai na faɗa wa haka, Mma.

Na zaci nasiha za ki yi mini. Sai kika ce, "Amarya, Alhamis ba ni da aiki. Ki sa kaya masu kauri, ban da wannan leshin."

Ranar na fara ganin amfanin ƙaramin jirgin ruwan da ke lulluɓe a gefen gidanki. Na wani tsoho ne, Joel, da kika yi jinyarsa shekaru. Da ƙafafunsa suka mutu ya ƙi haƙura da kogi, sai ya koya miki tuƙin jirgin, shi yana zaune yana ba da umarni. Da zai rasu ya bar miki shi. Muka ja shi da motarki har can saman kogin Potomac, wajen Williamsport, inda ruwan yake kwance.

A nan kika gaya mini sunan kifin da muke nema, maski. Dogo ne, mai baki kamar na agwagwa cike da haƙora, kuma mutum yakan yi wata da watanni bai gan shi ba. Ba jefa fatsa ake yi a zauna jira ba. Jirgi ne yake tafiya a hankali yana jan fatsa a baya, da kifin roba mai tsawon tafin hannu ko fiye, ƙugiyoyi na reto a cikinsa. Kika nuna mini guntuwar wayar ƙarfe da ake ɗaurawa tsakanin zare da kifin robar, kika ce wanda ya manta da ita sadaka ya zo yi wa kogi, domin haƙoran maski reza ne. Kika sa na wasa kowace ƙugiya har sai ta kama farcena. Gudun jirgi kamar na mai sauri zuwa masallaci an tada iƙama. Kada a miƙe sak, a riƙa karkata dama da hagu kamar tafiyar maciji, domin a kan kwana ya fi kai cafka. A bi gaɓar da ruwa mara zurfi yake faɗawa cikin mai zurfi. Ido kuma a kan bakin sandar fatsa: muddin yana rawa, kifin robar na iyo daidai, in ya tsaya, ganye ya maƙale, a jawo a cire.

Ni da na saba da littafi, kowace magana ina neman abin da ke ƙarƙashinta. Na ce, "Mma, na gane. Aure kike nufi."

Kika ce, "Ei! Wane aure? Maganar kifi nake miki, 'yar Kano. Dubi sandarki, tun ɗazu ganye kike ja."

Muka yi Afrilu da Mayu ba mu kama komai ba sai rassan itace. Da zafi ya shigo kika rufe jirgin, kika ce kifin ba ya jure faɗa a ruwa mai ɗumi. A watannin nan kika koya mini tuƙin mota a filin wata makaranta, kina riƙe da carbi kina cewa birki, birki. Abin da na fi tunawa shi ne shinkafa da wakenki da shito, soyayyen yajin nan naku na Kumasi, muna ci a tsakiyar kogi injin yana gunaguni, ba mai tambayata me ya sa idona ya kumbura.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, domin ban ga abin faɗa a ciki ba. Na ƙudura cewa maskin farko da na kama farfesu zan yi wa Khalil da shi. A littattafaina akwai girkin da ke juya gida, ni ma na sa rai wannan ne nawa. Kulata tana cikin jirgi kowace tafiya, ke kina zaton ta ruwan sha ce.

Alhamis ta farkon Oktoba, muna kan kwana, sandata ta lanƙwashe, zare ya soma kuka. Kika ce kada in kashe inji tukuna, in ɗauki sandar in riƙe ta sama. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da maskin ya shiga ragar da kika zura masa, tsawonsa ya kusa kai ƙirjina daga ƙasa. Kika bar shi cikin ruwa, kika zare ƙugiyoyin da doguwar filaya, kina gargaɗina kada yatsana ya kusanci bakinsa.

Na ce, "Mma, buɗe kular."

"Wace kula? Gida zai koma."

Ke ba ki taɓa cewa ana saki ba, domin a wurin masu neman maski sanannen abu ne. Ni ban taɓa tambaya ba, domin wa yake kama kifi ya saki? Na ce a garinmu ba a mayar da arzikin da Allah Ya kawo har hannu. Kika ce ke ma haka kika gaya wa Joel, har kika ƙi yi masa magana a hanyar komawa. "Amma kifin nan ya girmi aurenki nesa ba kusa ba, kuma ba su da yawa a kogin. Na miya yana kanti. Zo ki riƙe masa wutsiya." Na riƙe ina kuka, hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinsa, har ya dawo hayyacinsa ya fizge. Gefen kumatunsa ya yanke ni a tafin hannu.

Na koma gida da la'asar, kula ba komai, hannu a naɗe da bakin mayafi. Khalil ya sauko daga aikin kwana. Ya zaunar da ni, ya wanke ciwon, ya tambayi abin da ya yanke ni. Na soma ba shi labari. Ya yi dariyar da na manta yana da ita, ya ce, "Ke kika saki kifi? Kar ki bari Umma ta ji." Ban kai ƙarshe ba barci ya kwashe shi a kan kujera, na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya. Da asuba kafin ya fita ya tashe ni, ya ce, "To, da kika riƙe wutsiyar, sai me ya faru?"

A asibiti, ranar da na ga idonki na ƙarshe, da ƙyar kike magana, kika ce, "Disamba fa?" Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa miki a lokacin. Jiya na kira Umma na ce ba wannan Disambar ba, sai mun samu hutu mu zo tare. Ba wai komai ya gyaru ba ne. Har yanzu gidan shiru ne yawancin yini, yanzu kuma ba fitilar kicin ɗinki da zan leƙa in gani. Ɗanki Faizal ya ce jirgin yana nan duk ranar da na so. Khalil ya nemi hutun wata Alhamis a Nuwamba don mu je kogi, ya ce shi bai san komai ba, ni zan riƙe tuƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Baba Mumin, da Faizal da Hasna, da 'yan'uwanta na Kumasi da ba su samu ganin gawarta ba, da dukan jama'ar Zango mazauna Maryland. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙan Mma Shamsiya, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata kabarinta Ya haskaka shi, Ya sa hidimar da ta yi wa tsofaffin mutane da baƙi irina ta zame mata nauyi a mizani, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Ni ma a sa ni a addu'a. Sanyi yana tafe, kuma ina nan.

Rumasa'u Aminu
Bowie, Maryland