Ranar da na koya wa soja yaƙi

A zamaninmu, a garin Gombe, daga Barunde har Gabukka, babu wanda ya kai ni sanin yaƙi. Haka nake faɗa, kuma da ƙarfi nake faɗa. Ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba, amma littattafan yaƙin da na karanta, in aka jera su sai su kai Bauchi su dawo. To akwai rana guda da wannan ilimi nawa ya ja min abin da har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

Bayan an gama yaƙin basasa ne, kuɗin mai ya fara shigowa, kowane akawu ya sayi babur yana hura hanci. Ni ma akawu ne a wani kamfanin auduga. In an tashi aiki sai in zarce Kasuwar Gombe, inda muke da majalisa a gindin wata bishiyar maina. Mutum biyu ne masu inuwar. Ɗaya mai gyaran keke, tsohon soja, muna ce masa Kofur. Ɗayan Ibo ne mai sayar da tsofaffin littattafai, muna ce masa Oga. Ya bar garin lokacin tashin hankali, ya dawo bayan yaƙi daga shi sai matarsa. Hausa a bakinsa kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Kowa ya san ɓangare daban-daban suka yi wa yaƙi. Amma in Kofur zai tafi sallah, Oga ke duba masa kaya. In hadari ya taso, sai Kofur ya rufe littattafan Oga da tamfol kafin ya kwashe nasa kayan. Majalisar na da doka guda wadda ba wanda ya taɓa furtawa: a yi hirar aure, a yi ta ƙwallo, amma ban da yaƙi in su biyun suna zaune.

A teburin Oga na samo littafin. Na Turanci ne, bangonsa ya sha hannu. Labarin sojojin duniyarmu ne da suka hau wani jirgi suka nufi tauraron da rana ba ta faɗuwa a cikinsa, don su yaƙi wasu halittu masu ido ɗaya a tsakiyar ƙirji. Da zai miƙo min, sai da Oga ya ce wannan na karantawa a gida ne. Na ɗauka tsoro yake kada ya yage.

Kwana uku na gama shi, cikina ya cika fam da labari. Sai na yi wa kaina fatawa: doka ta hana yaƙin ƙasa, wannan kuwa a sama aka yi shi. Bayan la'asar na gyara zama na fara. Jirgin da marubuci ya ce ya kai unguwa, ni na ce in ya sauka sai ya rufe Gombe har da gonakinta. Bindiga mai fitar da haske na mayar da ita mai narkar da dutse kamar man shanu. Har masu dako suka ajiye kaya suna saurare. Na kawo ƙarshe, inda kyaftin ɗin sojojin ya ƙone birnin halittun daga sama bai bar ko ɗaya ba, sannan na yanke hukunci cewa ban taɓa karanta littafin da ya faɗi gaskiyar yaƙi kamar wannan ba.

Al'adarmu ce in mutum ya yi babbar magana ya kafa shaida. Baki ya riga tunani, na juya na ce, "Kofur, kai ka je fage. Gaya musu, haka yaƙi yake ko ba haka ba?"

Oga ya miƙe ya fara zuba littattafai a kwali, ga rana da sauranta sosai. A nan na gane ɓarnar da na yi. In mutumin nan ya bar inuwar yau a kan maganata, ba lalle ne gobe ya dawo ba.

Kofur bai ɗago ba. Tub ɗin keke yake juyawa a cikin daron ruwa yana neman inda iska ke fita. Can ya tambaye ni me sojojin suke ci. Na ce littafin bai faɗa ba. Ya tambaya in an yi ruwa ina suke kwana. Na ce a tauraron ba a ruwan sama. Sai ya ce, birnin da aka ƙone, akwai yara a ciki? Na ce ai ba mutane ba ne, marubuci ma bai ba su suna ba.

"Mu ma haka aka ce mana," in ji Kofur.

Oga ya tsaya da littafi a hannu. Sannan ya ce, "Mu ma."

Ya koma ya zauna. Ya ce shi ma ya karanta littafin, marubucin gwani ne, amma daga bango zuwa bango babu wanda ya ji yunwa, don haka marubucin bai taɓa zuwa yaƙi ba. Kofur ya ɗan murmusa, ya ce kuma babu wanda ƙafarsa ta ruɓe a cikin takalmi. Daga nan suka shiga maganar ruwan kudu, da garin rogo, da yadda mutum ke yin barci yana tafiya, a hankali, ba mai kallon wani. Mu dai muka kasa kunne. Kafin magariba Oga ya fito da littattafansa daga kwali ya sake jerawa.

Ba zan yi ƙarya ba, littafin na da daɗi, na sake karanta shi sau da yawa. Amma tun daga ranar, duk labarin da ya hana abokin gaba fuska da suna, na san so yake in yi tafi ba tare da na yi tambaya ba. Na kuma koyi cewa shirun da manya suka yi a kan abu, ba don sun rasa bakin faɗa ba ne.

Sai dai hali zanen dutse. Washegari na dawo ina shelar cewa dabarar yaƙi ce na yi, ni na sa su biyun suka buɗe ciki, da soja na shiga da tuni na zama janar. Kofur ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ci gaba da ba taya iska.

"Janar," ya ce, "ranar da tayar tirela ta fashe a bakin tasha, ba kai muka jawo daga ƙarƙashin teburin mai tsire ba?"