Alluran Ladan da Zuciyar Rago

Ni dai karatuna na boko a aji biyu na elementare ya tsaya, ranar da malami ya ce in dawo gobe in karɓi sauran bulalata, na ga ba dole. Amma duk Jibiya in aka tayar da zancen ciwon zuciya ni ake juyowa a kalla, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba. Ilimin nan a jikin taubashina na samo shi, zamanin Bature yana nan, muna ce wa Nijar ƙasar Faransa.

Taubashin nan ɗan kawuna ne. Shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa, har ya koma ga Allah ba mu raba gardamar ba. Shi ne ladanin masallacin bakin kasuwa, yana kuma kai hatsi Maraɗi a kan jakuna. Mutum ne mai tsananin kunya. In mace ta zo awon gero, mudu yake kallo har ta tafi.

Wata shekara bayan kaka haƙori ya matsa masa, wanzami ya cire. Ramin ya warke, sai zazzaɓi ya zo ya yi zaune. Ba irin mai kayar da mutum nan take ba, irin mai cin jiki a hankali: gumi, kasala, rama. An sha saiwa, an sha rubutu, an haɗiyi kinin na zazzaɓin sauro, shiru. Ranar da ya tsaya tsakiyar kiran la'asar yana neman numfashi, muka ɗora shi a motar gyaɗa sai asibitin Katsina. Ni na raka shi, tunda ni ne ɗan bokon gidan.

Likitan Bature ne. Ya sa wata roba mai reshe biyu a kunnuwansa, ya ɗora bakinta a ƙirjin ladan, ya daɗe yana saurare. Da ya fara bayani ina ta gyaɗa kai ina cewa "yas, yas", har malamin asibiti ya ce in ɗan matsa ya yi tafinta. Abin da ya ce shi ne, a cikin zuciya akwai 'yan ƙyamare masu buɗewa jini ya wuce su rufe. Ɗaya daga cikin na ladan, wani zazzaɓin gaɓoɓi ya lanƙwasa shi tun yana yaro. Da aka cire haƙori, ƙwayoyin cuta suka bi jini daga baki, suka sami ƙyauren nan mai rauni suka yi gida. Ya ce ba kasafai yake ganin cutar ba, kuma kafin a samo allurar fanisilin wanda ta kama ba ya tashi. Yanzu ana tashi, amma da sharaɗi: allura safe da rana da yamma da dare, kullum, fiye da wata guda. Ko an ji sauƙi ba a tsayawa, domin ƙwayoyin sun lafe a inda magani ke wuyar kaiwa. In aka bar su da sauran rai, dawowa za su yi.

To, a Jibiya a lokacin abu ɗaya muka san fanisilin da shi: ciwon sanyi. Fatake in suka yi kwanan da bai kamata ba a Maraɗi, sukan lallaɓa a yi musu allura ɗaya a ɓoye. Wanda ya yi ɓarna sosai, biyu. Sai ga masu dubiya sun koma gida da labarin cewa ladan ana zuba masa ita ba dare ba rana. Sarkin Fawa, wanda rumfarsa ce majalisar gari, ya yi lissafi a gaban jama'a ya ce, "In ɗaya ta kwana guda ce, to wanga bawan Allah ba Maraɗi kaɗai ya tsaya ba."

Magana ta zagayo har gadon asibiti. A lokacin zazzaɓi ya sauka, ladan ya fara cinye tuwonsa yana leƙen nawa. Na shigo da hantsi na tarar yana naɗe tabarma.

Na ce, "Ina zuwa, bawana?"

"Gida. Na warke."

"In ji wa?"

"In ji jikina. Ka ji abin da ake faɗi? Da wane baki zan kira salla? Surukina ko aike bai yi ba."

"Likita ya ce in ka tsaya yanzu cutar dawowa za ta yi, kuma ba ta zuwa gaisuwa."

"Ta dawo. Gara a bizne ni da mutuncina."

Na dube shi na ga ba wasa yake ba. Sai na yi abin da taubashi kaɗai zai yi a zauna lafiya: na kwashe wandonsa da rigarsa na cusa a hammata, na bar shi da zanen asibiti. Mutumin da ba ya iya kallon mai awo ba zai ratsa Katsina da ɗaurin ƙirji ba.

"Kawo mini kayana, ɗan banza!"

"Bawa ba ya da kaya, na ubangidansa ne. Ka jira ni har kasuwa ta ci."

Na hau mota na koma Jibiya. Ban tsaya musu da kowa ba, na wuce rumfar Sarkin Fawa na rage murya na ce, "Ladan na son ganinka. Akwai abin da kunnenka kaɗai ya kamata ya ji." Ai ko gama rufe baki ban yi ba ya fara wanke hannu. Da yake mahauci ba ya zuwa dubiya hannu sake, ya ƙunso hanta da zuciyar rago a ganye, ya kuma ɗauko dattawa biyu, wai 'yan rakiya.

Mun isa likita yana zagaye. Na roƙi malamin asibiti ya gaya masa halin da ake ciki. Bature ya yi ja har kunne, sannan idonsa ya faɗa kan ƙunshin naman. Ya sa aka kawo faranti, ya nemi wuƙa. Sarkin Fawa ya ce, "A'a, likita, bari masu abin su tsaga." Ya zaro tasa ya raba zuciyar biyu. Likita ya nuna wasu 'yan fatu farare masu zare-zare, ya ɗaga ɗaya da tsinke ya sake shi.

Sarkin Fawa ya ce, "Waɗanga? Mu kyanwa muke jefa wa."

Aka ce masa to su ne ƙyamaren, kuma a kan irinsu cutar ladan take zaune. Sai likita ya cire robarsa ya sa wa Sarkin Fawa a kunne, ya ɗora a ƙirjina tukuna.

"Mi ka ji?" in ji malamin asibiti.

"Dum-dum, dum-dum. Lahiya lau. Babu komi ciki sai ƙarya."

Aka mayar da ita ƙirjin ladan, wanda ya juyar da fuska bango don kunya. Sarkin Fawa ya saurara. Dariyar da ke bakinsa ta tafi. Ya ce a hankali, "Tana huci. Kamar zugazugin maƙeri in ya huje." Ya miƙa wa dattawan nan, kowa ya ji da kunnensa. Sannan ya durƙusa bakin gado ya ce, "Malam, ka yahe mani. Bakina ya yi mini jagora."

Ladan ya ce, "Allah ya yafe mana duka." Ya juyo gare ni: "Kai kuma ban yafe ba."

Kafin kasuwa ta sake ci, Jibiya har ƙauyukan Kusa da Mazanya an ji sabon labari, daga bakin da ya fitar da tsohon. A nasa faɗin, shi da Bature suka gano cutar, Bature ma riƙe masa faranti kawai ya yi. Ban ƙaryata shi ba. Suruki ya aiko da kaji. Wanzami ne kaɗai bai ji daɗi ba, don an daɗe ana yawo da ciwon haƙori a garin.

Ladan ya zauna aka gama masa allurai kaf. Mazaunansa suka koma kamar rariya, a kife yake kwana, a tsaye yake karɓar baƙi. Likita ya ce ƙwayoyin sun mutu, amma ƙyauren ba zai miƙe ba, kada ya ƙara saɓa buhu. Jakunan ya bar wa ƙannensa, kiran salla kuwa ya ci gaba da shi har ya ga jikoki, sai dai ya daina jan murya irin ta dā.

Ranar da aka sallame shi na kawo masa kayansa a ninke, da ladabi, hannu biyu. Ya warware wandon ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"Wannan maiƙon tsiren fa a gwiwa?"

Na ce, "To da ajiye shi zan yi asu ya ci? Sa mu tafi, mota na jira."