Farantin jan ƙarfe a rijiyar Mushe Isufu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka yashe rijiyar gidan Mushe Isufu ba. Ku da kuka fara aikin gadi kwanan nan, gara ku ji labarin daga bakina, don na ji ana ba da shi a tasha da ƙari mai yawa.

Ni Alasan, ni ne mai gadin gidan, ni ne kuma mai ban ruwan garka, can bakin gari ta hanyar Azagor. Mushe Isufu (Mushe laƙabi ne na Faransanci, kamar a ce Malam) tsohon ma'aikacin wayar sadarwa ne, da ya huta da aiki ya dawo Dakoro da kayan rediyonsa. Ba rediyon labarai ko waƙa ba ce. Yana da izinin hukuma, gwaji yake yi a dogon zango da matsakaicin zango. Ko magana ba ya aikawa. Wata siririyar alama injin ke turawa, can wani mai irin sha'awarsa a wata ƙasa ya kama ta, ya aiko masa saƙo a wayar salula cewa ya ji. Duk ranar da irin wannan saƙo ya zo, har ni nakan sha shayi da madara.

Yadda ya taɓa yi mini bayani, irin wannan rediyo tana son hannu a sama da ƙafa a ƙasa mai laima. Hannun shi ne doguwar wayar da muka ja daga sandar ƙarfe zuwa itacen gawon da ke bayan gidan. Ƙafar ce ta ba shi wuya, don kun san rairayinmu, ko ka haƙa tsawon mutum busasshe ne. Sai ya ɗaura farantin jan ƙarfe a bakin wata waya mai kauri, ya zura shi cikin rijiyar garka har ya nutse. Doka biyu ya ba ni: kada in taɓa waya, kada in shiga ɗakin injin.

Wata Laraba ce cikin bazara, shekara uku ke nan ko huɗu. Mushe ya tafi Maradi ganin likitan ido, ya kulle ɗakin, makulli na aljihunsa. Kwana biyu da tafiyarsa ruwan rijiya ya fara wari, ashe ɗan akuyar maƙwabta ne ya faɗa ya mutu. Rijiyar kuwa har matan unguwa na ɗiba. Hajiya Rabi, matar Mushe, ta aika Sabon Maci aka kira Sallau mai yasar rijiya, ya zo da hantsi da ƙannensa biyu masu riƙe masa igiya.

Sallau abokin wasana ne, Gardiye yake kirana, wato mai gadi. Yana tuɓe riga yana cewa, “Gardiye, har yanzu kana nan gindin ɗarbejiyar taka? Ka taɓa ganin Maradi kuwa?”

Na ce, “Mi zan nema can? Kai da ke yawo, ba rami kake ƙarewa ba kullum?” Sannan na nuna masa wayar da ta bi jikin rijiyar. “Wannan ta Mushe ce, ya ce kada a taɓa.”

Ya dubi Hajiya. Ta ce, “Mai rediyon ba ya nan, ɗakin na kulle. Ai ita ma hutu take.”

Haka dukanmu muka ɗauka.

Aka sauke shi. Rijiyar tana da zurfi ƙwarai, in mutum ya kai ƙasa muryarsa kamar daga cikin tulu take fitowa. Ya kira ya ce ruwan iya ƙugu ne, kuma ƙafafun akuyar sun sarƙe da wayar. Al'adarsu, mushen dabba shi ake fara fitarwa, don haka ya kwance igiyar ƙugunsa ya ɗaura wa akuyar. Don ya warware ta sai ya ciro farantin daga ruwa, ya naɗe wayar a wuyan hannunsa na hagu. Ƙannen suka fara ja.

Ni dai Allah ya ba ni kunne. Daga inda nake tsaye na ji wani ɗan ƙyas daga ɗakin injin, fanka ta tashi. Kullum ina jin wannan ƙarar, dare da rana, na ɗauka irin ta firji ce. A daidai lokacin wata ƙara ta fito daga rijiyar. Na yi shekaru ina jin ana yanka dabbobi, ban taɓa jin irinta ba. Ƙannen suka daskare da igiya a hannu. Hajiya ta dafe bango tana salati. Ɗaya ya ce maciji ne, ɗayan ya ce mutanen ɓoye. Can fankar ta tsaya, Sallau ma ya yi shiru, sai nishi.

Na leƙa na ce, “Sallau, saki wayar.”

Ya ce, “Hannuna ba ya buɗuwa. Ta kama ni, Gardiye.”

Abin da ba mu sani ba, injin da kansa yake aikawa, ya huta, ya sake, ko mai shi na nan ko ba ya nan, tunda hasken rana ke cika masa batir. Sallau ya raba farantin da ruwa, sai wutar ta bi ta jikinsa. Ga shi ba igiya a ƙugunsa, ga waya a hannu, kuma na san ƙyas ɗin zai dawo.

Na ce, “Hajiya, ɗakin nan za a fasa.”

“Ya hana, Alasan. Ko ni ba na shiga.”

“In ta sake tashi, gawa za mu ciro.”

Ta dube ni, ta juya, ita da kanta ta ɗauko taɓarya ta miƙo mini. Na yi ta dukan kwaɗon har ƙarfen ƙofar ya ɓalle. Da na shiga sai idona ya raina fata: akwatuna, ƙananan fitilu, wayoyi ko'ina, ga wata tano irin ta ajiye ruwa da aka naɗe da jan ƙarfe tun daga sama har ƙasa. Ban san wane maɓalli ba ne. Na taɓa hango Mushe ta taga yana cire wani jan maƙali daga kan batir, shi kaɗai na sani. Ina miƙa hannu na ji ƙyas, fanka ta tashi, Sallau ya fara daga can ƙasa. Na fizge maƙalin, wuta ta yi tartsatsi, komai ya mutu.

Ɗaya daga ƙannen Sallau ne ya sauka ya warware shi, ya ɗaure shi, muka jawo. Na zaci zan ga jini. Babu. Wani farin layi ne ya zagaye wuyan hannun, ya nutsa cikin nama, tafin kuma ya yi fari fat, yana warin babbaka. Sallau ya kalli hannun kamar na wani ne. Muka sa shi a amalanke zuwa gidan likita. Manjo, babban malamin jinyar wurin, ya ce ƙunar ta ciki ta fi ta waje.

Mushe ya iso da la'asar washegari. Na tsaya ina jiran faɗan ƙofa. Bai ko kalle ta ba. Ya zauna bakin rijiyar, tsoho da shi, yana ta maimaita, “Ban gaya wa kowa ba. Ko Rabi ban gaya mata ba.” Shi ya ɗauki jinyar har ƙarshe. Sallau ya rayu, amma yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasa ba, kuma mai irin wannan hannu ba ya shiga rijiya. Yanzu a sama yake tsayawa, ƙannen ke sauka.

Mushe bai bar gwajinsa ba. Ya fitar da farantin, muka binne wayoyi da yawa a ƙasan garka, ya kuma sa wani babban maɓalli a waje, jikin bango, ya tara mu har da matan unguwa ya nuna mana yadda ake kashe shi.

To, ku masu gadi, za a riƙa ce muku kada ku taɓa kaza, kuma daidai ne, kada ku taɓa. Amma a ranar farko, tun maigida na tsaye, ku tambaye shi abu biyu: wane abu ne a gidan nan ke aiki ko ba kowa, kuma a ina ake kashe shi. In ya ce ba ruwanku, ku ce masa ranar da abin zai faru yana iya kasancewa Maradi, ku ne a gida.